Babur a Idon Dillalin Shanu

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, lokacin Turawa suna nan, aka rarraba mu gwajin koyarwa a makarantun elementare. Ni aka ba ni Mamudo. Na yi murna, domin ba nisa da gidanmu a Potiskum. Ƙa'idar kuwa a fili take: ka koyar zango guda, a ƙarshensa Baturen makaranta ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda kake koyarwa. In ya gamsu, ka sami satifiket. In ya zo bai tarar da kai ba, ko mene ne dalilinka, sai baɗi. A gaban kowa aka karanta mana wannan kafin mu watse.

Shirina bai da wuya. Hedimastan Mamudo, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce akwai ɗaki a bayan gidansa, in zauna har zangon ya ƙare. Na kawo maganar gida, ta isa kunnen Kawu, nan ta mutu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina. Cinikin shanu yake yi, kakanninsa daga Barno suka zo, kuma duk abin da ya faɗa yakan faɗe shi da ƙarfi har na waje su ji. Bai taɓa tuƙa komai ba, ko keke. Abin da ya sani na tafiyar zamani shi ne gaban babbar mota, kusa da direba, inda yake ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Ɗan gidan nan ya kwana a bayan gidan wani a ƙauye? Ina raye?" in ji shi. "Za ka kwana a gida, ka tafi da safe, ka dawo da yamma."

Na ce to ko keke za a nema mini.

"Keke na masinja ne. Babur zan saya maka. Ran Lahadi kuma ka riƙa kai ni Gadaka."

A Gadaka akwai surukinsa, shi ma mai shanu. Shekara da shekaru suna gasa a kan komai, daga yawan garke har faɗin zaure. A kwanakin nan ɗan surukin ya sami aikin malamin daji, aka ba shi wani ɗan babur yana zagaya ƙauyuka da shi. Tun daga ranar da labarin ya iso Potiskum Kawu bai ci tuwo da daɗi ba. Ni dai na fahimci cewa zuwana Mamudo ba shi ne babbar manufar sayen ba, amma ba a gaya wa Kawu abin da aka fahimta.

A lokacin ana iya ƙirga baburan garin da yatsun hannu, kuma biyu ne na sayarwa. Na farko na wani malamin asibiti ne da aka yi wa canjin wurin aiki. Ƙarami ne, irin wanda na koyi tuƙi da shi a filin kwaleji. Na je asibitin na tsaya daga nesa ina kallonsa har mai shi ya lura da ni, ya kira ni, ya ce in zagaya da shi. Da na zauna tafin ƙafafuna biyu suka kwanta a ƙasa. Bugu ɗaya ya tashi. Na tambayi mai shi yawan fetur da yake sha, da inda ake samun taya, da abin da ya taɓa lalacewa a jikinsa, ya amsa mini duka ba ɓoye-ɓoye. Na dawo gida na gaya wa mahaifiyata na ga wanda ya dace da ni, ita kuma ta gaya wa Kawu, domin haka magana take tafiya a gidanmu.

Kawu ba ya sayen ko tunkiya ba tare da dillalinsa ba. Wani dogon mutum ne siriri mai jan haƙori saboda goro, wanda aka ce yana iya faɗin nauyin bijimi daga tafiyarsa. Wataƙila gaskiya ne. Ban taɓa musun saninsa a kan shanu ba. Shi Kawu ya ɗauko don ya duba babur.

Dillalin ya zagaya baburin malamin asibiti, hannuwansa a baya. Ya danna sirdin da babban yatsa kamar yadda yake danna gadon bayan saniya. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinsa, ban san me yake nema ba. Sannan ya kama bayansa da hannu ɗaya ya ɗaga, tayar ta bar ƙasa. Ya sake shi, ya karkaɗe hannu.

"Maigida, wannan ai maraƙi ne. Ko yaye shi ba a yi ba."

Aka tayar da injin don su ji.

"Ka ji ko? Kukan akuya. In ka shiga Gadaka da wannan, sai su ce ɗan malamin daji ya ara maka ƙanen nasa."

Da wannan maganar aka gama da shi. Malamin asibiti ya dube ni, na dubi ƙasa.

Na biyun na wani Bature ne injiniyan hanya da zai koma ƙasarsu. A kan hanyarmu ta zuwa gidansa dillalin ya ja ni gefe ya karanta mini dokokin ciniki, tun da ni zan yi tafinta.

"Malam ƙarami, kai takarda ka sani, ciniki namu ne. In mun je, kada ka taɓa shi. Kada ma ka dube shi sau biyu. Dubi bishiya, dubi takalminka. Mai dabba in ya ga idon mai saye ya faɗa, to kuɗi ya hau, ba ya sauka. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Abin da muka faɗa shi za ka juya masa. Ban da ƙari."

Baburin yana tsaye a inuwar baranda, baƙi wul, mai silinda biyu, bututun hayaƙinsa biyu, wato salansa, suna walƙiya. Ban taɓa shi ba, kamar yadda aka umarce ni, amma na tsaya kusa da shi kamar ba da niyya ba, na ga inda sirdin ya kai a jikina. Ya kusa cibiyata. Ni ba dogo ba ne, ban taɓa zama dogo ba, kuma a lokacin ramamme ne irin na ɗan makarantar kwana.

Dillalin ya zagaya shi. Ya shafa tankin da tafin hannu, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce wa Kawu a hankali, "Dubi tozo." Ya kama bayansa da hannu ɗaya, bai ɗagu ba. Ya sa biyu, ya yi nishi, bai ɗagu ba. Ya miƙe yana haki, fuskarsa a murtuke yadda sana'a ta tanada, ya ce da ni, "Gaya masa tsoho ne, ya sha wuya, taimakonsa za mu yi."

Na juya wa Baturen. Ya yi dariya, ya faɗi kuɗinsa, ya ce ba ragi. Ya sa makanikensa ya tayar da injin. Makaniken ƙato ne, ya hau kik ɗin tayar da injin da dukan jikinsa, abin ya yi ruri har tattabarun kan rufi suka watse. Kawu ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi.

Sai Baturen ya tambaye ni wa zai riƙa hawa. Na ce ni ne. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya tsaya a kan ƙafafuna. Ya daina dariya. Ya ce abin yana da nauyi ƙwarai, in hau in gwada tukuna, in ga ko ƙafata tana kaiwa ƙasa, in ga ko zan iya tayar da shi.

Na juya musu maganar kalma da kalma. Har na ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, ko in ɗan zauna a kai?"

Dillalin ya riƙe mini hannun riga.

"Maigida, ka ga dabarar Nasara? So yake yaron ya hau, ya ji daɗin sirdi, ya washe baki, shi ke nan an ɗaure mu. Na ga Fulani suna yin wannan da maraƙi da ɗan mai saye. Ashe har Ingila an san ta."

"Gaya masa ba mu ma tabbatar muna so ba," in ji Kawu.

Na gaya masa. Baturen ya sake cewa, wannan karon da ni kaɗai yake, ba maganar kuɗi yake yi ba, maganar ƙafata yake yi. Kawu ya tambaye ni me ya ce. Na faɗa. Ya amsa da Barbarci, abin da yakan yi in ransa ya fara ɓaci, ma'anarsa dai in rufe baki, manya suna ciniki.

Suka yi tayi, Baturen ya ce a'a. Suka juya kamar za su tafi, har muka kai bakin ƙofa, ba wanda ya kira mu. Muka tsaya a rana muna kallon shingen gidan. Can muka komo. Suka ƙara tayi, ya ce a'a, ya ci gaba da ɗaure akwatunansa. Daga ƙarshe aka biya shi daidai abin da ya faɗa tun farko, ko anini bai ragu ba. Dillalin ya ce a nemi gyara, Baturen ya ɗauko gwangwanin baƙin mai da wani tabarau mai igiyar roba ya miƙa. A hanyar gida dillalin ya riƙa ɗaga tabaraun yana nuna wa duk wanda muka gamu da shi.

"Mun matse shi," yake cewa. "Da yaron nan ya hau, da ko wannan ba mu samu ba."

Makaniken ne ya kawo shi ƙofar gidanmu da yamma. Unguwa ta taru. Tun da an sallama, yanzu an yarda in taɓa. Na ɗaga ƙafa na haye. Ƙafafuna biyu suka tsaya a iska suna lilo. In na zame gefe ɗaya, kan babban yatsana yana ɗan shafar ƙasa, amma sai nauyin ya biyo ni. Makaniken ya tare shi da cinya.

"Zai girma," in ji Kawu.

A lokacin na riga na fara aske gemu.

Aka ce in tayar. Na taka kik ɗin da ƙafa, bai motsa ba. Na hau kansa da dukan nauyina, ya riƙe ni a sama kamar matakala. Yara suka fashe da dariya. Da makaniken ya nuna mini yadda ake lallaɓa shi har ya sauka, sai ya mayar da bugu, ya doke ni a idon sawu, na yi kwana da kwanaki ina ɗingishi. Dillalin ya ce wannan alamar lafiya ce, dabbar da ba ta harbi ba ta da jini a jika.

Haka na fara zuwa Mamudo. Kowace safiya sai an kife tsohon turmin mahaifiyata a ƙofar gida in taka in hau, sannan a nemo samarin unguwa su tura ni har injin ya kama. In ba su tashi da wuri ba, sai in zauna a kan sirdi da littattafaina ina jira. Daga gidanmu zuwa babbar hanya akwai yashi, akwai jakuna, ranar kasuwa kuma akwai shanu, ni kuwa ba ni da ikon tsayawa. Na koyi karanta hanya tun daga nesa, in rage gudu in yi ta rarrafe har garke ya wuce. In ya zama dole in tsaya, sai in nemi tudun shara ko gindin katanga in jingina.

Ba zan yi masa ƙarya ba. In ya hau babbar hanya, abin yana tafiya. Gargadar jar ƙasar nan da ke karkaɗa haƙoran mai keke, shi bi ta kanta yake yi kamar tabarma. Da an yi shi don mai tsawon makaniken nan, da babu kamarsa. A wannan 'yar tazarar kaɗai nake jin daɗinsa, ita ma rabinta tunanin yadda zan sauka nake yi.

Ranar farko a Mamudo na shiga filin makaranta na rasa inda zan sa ƙafa. Na zagaya filin, na sake zagayawa. Yara suka fito suna tafi, sun ɗauka wasa nake yi musu. Sai da hedimasta ya gane, ya sa manyan ɗalibai suka bi ni da gudu suka kama ni. Washegari ya sa aka gangaro da wani kututture gindin bishiyar maina, ya zama tashata. Bai taɓa yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Yaran kuwa sun yi. Sukan yi magana da harshen Ngizim a bayana, wanda ba na ji sosai, amma na san sunan da suka sa mini yana da kututture a ciki. Malamin da ɗalibansa suke kama shi kowace safiya kamar ɗan akuya, sai ya yi aiki ninki biyu kafin aji ya yi masa shiru. Na yi aikin. Ba ni da murya, don haka na riƙa shirya darasi yadda ba za su sami sararin surutu ba. Muka gina taswirar lardin Barno da laka a bayan aji, da koguna da garuruwa, da tafkin Chadi a cikin fasasshen kasko. Ita na shirya koyarwa a kai ranar da Baturen makaranta zai zo.

Na sake aika magana ta bakin mahaifiyata, cewa baburin ya fi ƙarfina, ko za a musanya shi da ƙaramin tun malamin asibiti bai tafi ba. Amsar ta dawo a cikin akushi. Kawu ya ba da umarni a ƙara mini tuwo, a riƙa kawo mini kindirmo da nama kullum. Na ji shi a zaure yana yi wa abokan hirarsa bayani.

"Babur lafiyarsa ƙalau. Yaron ne ba shi da nauyi. Shayi suke ba su a makarantun nan, shayi da burodi. Bari in kiwata shi wata guda ku gani."

"Gaskiya ne, maigida," in ji dillalin. "Ba a rage bijimi don igiya ta yi kaɗan."

Duk suka ce haka ne. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ɗora ƙafa a kan babur, amma kowa yana da ra'ayi a kan yadda ya kamata in riƙe shi. Wani ya ce tsoro nake nuna masa, shi ya sa yake raina ni.

Tafiyar Gadaka kuwa ta yi ta jinkiri, domin Kawu ya ba da ɗinkin sabuwar babbar riga, ya ce ba zai shiga garin surukinsa a kan sabon babur da tsohuwar riga ba. Na riƙa addu'a mai aikin surfani ya yi ta nawa har zango ya ƙare. Bai yi ba. Takardar Baturen makaranta ta iso cewa zai zo ran Litinin da safe, rigar kuma ta iso ran Asabar.

Wannan karon ban bi ta wurin mahaifiyata ba. Na durƙusa a zaure ran Lahadi da safe.

"Kawu, gobe Baturen makaranta zai zo ya gwada ni. In bai same ni ba, shekara guda ta tafi."

"Gobe ka ce?"

"Gobe, Kawu."

"To yau fa? Yau ma zai zo?"

"A'a."

"To tashi. Kafin la'asar mun dawo. Abin da ke gudu kamar iska?"

Ya hau bayana da rigarsa da rawaninsa da sabon takalmi. Abu ɗaya na samu a tafiyar: ƙafafunsa suna kaiwa ƙasa, don haka a karon farko baburin ya sami ƙafafu. Sauran duk wahala ce. Bai yarda ya riƙe ni ba, wai babba ba ya rungumar yaro. In na karkata dama a kwana, sai ya karkata hagu don ya gyara mini. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga hannu biyu ya gaishe shi, har da waɗanda bai sani ba.

Dab da Gadaka akwai wani rafi da ya ƙafe, cikinsa yashi ne mai laushi, mai zurfi. Na rage gudu tun daga nesa, na ce wa Kawu ya sa ƙafa mu tsaya.

"Kawu, nan sai mun sauka mun tura."

Ya leƙa ta kan kafaɗata. A ɗaya gaɓar, ƙarƙashin wata tsamiya, mutane suna zaune, sun riga sun miƙe saboda rurin injin.

"In shiga Gadaka da ƙafa ina tura babur? Ga mutane suna kallo?"

"Tayar gaba za ta nutse."

"Don ba ka ba shi wuta ne. Buɗe masa!"

Ya tattare rigarsa a cinya, ya ɗauke ƙafafunsa sama don kada yashi ya shiga sabon takalmi. Na buɗe masa. Mun kai tsakiyar rafin kafin tayar gaba ta nutse, kan baburin ya juya, muka kwanta. Kawu ya gangara kan yashi mai laushi kamar buhun auduga. Ni baburin ya danne ni, salansa ta kwanta a kan ƙwaurina. Na ji ƙaurin wandona kafin in ji zafin.

Mutanen tsamiya suka sheƙo. Sai da suka taru a kan baburin kafin su ɗaga shi daga kaina. Kawu ya miƙe yana karkaɗe riga, ya duba surfanin, ya duba fitilar baburin ko ta fashe, sannan ya tambaya ko na ji ciwo. Aka tura, aka sake turawa, injin ya sha yashi, ko tari bai yi ba.

Haka aka gangara da shi har ƙofar gidan surukin, samari suna turawa, yara suna bi. Wata tsohuwa a gidan ta yanke ƙafar wandon ta shafa mini zuma a ƙunar. Daga inda nake kwance a soro ina jin Kawu a waje. An shimfiɗa masa darduma kusa da baburin, yana ba da labarin yadda muka baro Potiskum, wai kafin ya gama tauna goro ɗaya mun iso. Ya sa aka kawo baburin ɗan malamin daji aka jera su, ya ce kowa ya gwada ɗaga nasa. Ba wanda ya iya. Ban taɓa jin muryarsa cikin farin ciki kamar na wannan yammacin ba. Surukin ya ce abin mamaki, babban babur haka amma ba ya tashi. Kawu ya ce hutawa yake yi.

Na aika a tambaye shi yadda za mu koma. Ya ce ba mota ran Lahadi, kuma ba a zuwa gidan suruki a juya a yini ɗaya kamar an zo karɓar bashi. Da safe a ga abin da Allah zai yi.

Da aka idar da sallar asuba ban nemi izinin kowa ba. Na ari sanda na ɗingisa zuwa bakin kasuwa. Akwai babbar mota ɗaya mai zuwa Potiskum, tana lodin fatu da buhunan dawa. Direban ya ce yanzu za a tashi. Rana ta fito, ta ɗaga, ta kai tsaka, yana cewa yanzu za a tashi. Na zauna a kan fatun, ƙudaje suna bin zumar ƙafata, ina maimaita darasin taswira a zuciyata tun daga gaisuwa har tambayoyin ƙarshe, ko da yake inuwar motar ta riga ta gaya mini an wuce lokacin.

Bayan azahar muka isa Potiskum. Ban shiga gida ba. Na ari keken wani tela maƙwabcinmu, na taka shi da ƙafa ɗaya da rabi har Mamudo.

An tashi yara. Filin ba kowa sai hedimasta a gindin maina, yana zaune a kan kututturen. A ƙasa ga sawun tayar mota, ya shigo ya juya ya fita. Ya dubi ƙafata, ya matsa mini wuri.

"Sannu, Malam. Zauna tukuna."

"Ya zo?"

"Ya zo tun da hantsi. Ya jira ka, har na kawo masa ruwa. Na kai shi ya ga taswirarku, ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi yara garuruwan, suka faɗa masa duka, har da tafkin cikin kasko."

"Sai me ya ce, ranka ya daɗe?"

"Ya ce aikin mai hankali ne. Sannan ya rubuta cewa ba ka zo ba. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi. Ya ce shi malami aka aiko shi ya gani yana koyarwa, ba laka ba. Daga nan Damaturu ya nufa, daga can kuma hutu zai tafi ƙasarsu."

Hedimastan ya sake duban ƙafata. Ya kira matarsa ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya wanke mini ƙunar da hannunsa. Ya ce ɗakin nan na bayan gida har yanzu ba kowa a ciki. Na aika wa telan kekensa, na zauna a Mamudo na ƙarasa zangon, ko da yake na san ba zai shiga lissafi ba. Yaran suka daina kiran sunan nan, ban san dalili ba.

Kawu ya aiko a tambaye ni yaushe zan je Gadaka in ɗauko baburin, domin surukinsa ya fara barin kaji suna kwana a kansa. Na ce ƙafa ba ta warke ba. Ya sake aikowa, na sake faɗin haka. Daga baya na ji an ɗora shi a babbar mota an kawo shi, an kafa shi a zaure, ana goge shi kowace Juma'a.

Abokan karatuna suka karɓi satifiket, aka rarraba su makarantu, suka fara ɗaukar albashi. Ni aka ce in koma kwaleji in zauna tare da 'yan ajin bayanmu. Ranar da zan tafi na shiga zaure yin sallama. Kawu yana zaune da dillalinsa da sauran abokan hira. Tun daga ƙofa na ji yana gaya musu cewa yaran yanzu ba a iya musu, ka kashe dukiya ka saya wa yaro abin da ko ɗan sarki bai hau ba, ya je ya faɗi jarrabawa. Dillalin ya ce gata ne ya yi yawa.

Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya sa mini albarka da ƙarfi yadda na waje za su ji.

"To, wannan karon ka dage ka yi karatu," in ji shi. "Ban da wasa."

Na ce, "To, Kawu."